Kazar Ɗorin Inna

Daga Wasila a Birnin Damagaram, zuwa ga Yaya Alkasum a Damargu.

Da sunan Allah. Gaisuwa mai yawa, Yaya. Ina gajiya, ina sanyi, yaya raƙuma? Maigidana Ado na gaishe ka. Gwaggo Hajjo ma na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran cukun Buzaye da ka yi mata alkawari tun bara.

Na san za ka ce Wasila ta sake, ba a gama karanta waccan ba ga wata. Masu raƙuman Zango ma yanzu in sun hango ni sai su kau da kai, sun san takarda ce zan liƙa musu. To wannan karon ba surutu ba ne. Ka yi haƙuri da rubutun, bakin alƙalamin ya tsage, kuma ka san inda karatuna ya tsaya tun rasuwar Baba.

Inna ta karye. Ƙafar hagu, can sama a cinya. Kar hankalinka ya tashi, an ɗaure, tana kwance a ɗakinta, Ado ya bar ni na dawo gida jinya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda abin ya faru. Ba faɗuwa ta yi ba. Ba jaki, ba bakin rijiya, ba santsi. Ta sallame La'asar, ta dafa ƙasa za ta miƙe daga kan tabarma, ni ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen karan dawa. Na ɗauka icen murhu ne. Da na waiga na gan ta zaune, ta riƙe cinyar da hannu biyu, tana kallon ƙafar kamar ta wani ce. Ko ihu ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi in miƙo mata kallabinta kafin maƙwabta su shigo.

Ado ya hau jaki ya ɗauko Nomau mai ɗori daga Gaffati, wanda ya ɗaure maka hannu da ka faɗo daga tsamiyar gidan Kaka. Ya tsufa, amma yatsun na nan. Ya shafa, ya ja, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Sannan ya ce a kamo kaza cikin na gidan. Na kamo wake-waken nan mai tsiwa da ke shigar mana madafa. Ya sa babban yatsa ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure da tsinke da zare yadda ya yi wa Inna, ya kife ta da kwando a gindin gado. Ya faɗi abin da ka sani, wai ƙashinsu ya zama ɗaya, ranar da kaza ta taka mai ita za ta taka. Kar a yanka ta, kar a ci ƙwanta, sai Inna ta miƙe. Ni kazar ce ma ta sa ni kuka, don ita ta yi ihun da Inna ba ta yi ba.

Abu ɗaya dai na gani. Da yake shafa cinyar ya daɗe. Ya shafa, ya tsaya, ya koma ya shafa mai lafiyar, ya tambayi Inna ko ta jima tana jin ciwo a wurin. Ta ce sanyin ƙashi ne, wace tsohuwa ce ba ta da shi. Furar da na dama masa ma rabi ya sha, shi da yake lashe ƙwarya.

Gari lafiya. Ana ta aikin ganuwa, maƙeran fada kuma sun zuba wata sabuwar igwa, babbar bindigar nan, jiya suka gwada ta, kajin unguwa duk suka watse, ta Inna ce kaɗai ba ta da inda za ta. Fanta ta maƙwabta ta sauka, namiji, hancin uban sak, Allah ya kyauta masa.

Na tambayi Inna ko da saƙo. Ka san ta da kunyar ɗan fari, har yau sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta juya fuska bango ta ce, "Mai tafiya ya kula da tafiyarsa." Shi ke nan abin da na samu.

Allah ya sada mu da alheri. Ƙanwarka Wasila.

*

Daga Alkasum a Damargu, zuwa ga Wasila.

Bayan sallama da addu'a, takardarki ta same ni a hannun Kyari mai kanwa. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ta lafiya. Ki gode mini wa Ado.

Ga halin da nake ciki. Madugu ya sa ranar tashi, tsakiyar watan Sha'aban, mu nufi Agadas, daga nan Gat. Bana ne karon farko da ya damƙa mini raƙuma in kula da su ni kaɗai, da fatu da gashin jimina na mutane. In na bi ayari, ba za ku gan ni ba sai shekara ta zagayo, ko ta wuce. In na zo gida, ayari ba zai jira ni ba, kuma ba na jin za a sake ba ni irin wannan amana.

Na juya abin a raina, ga abin da na yanke. Gidan su Nomau ba a taɓa jin kazarsu ta saɓa ba. Ni kaina shaida ne. Zakaran da aka karya wa fiffike saboda ni, ranar da ya buɗe shi ya yi cara, ranar na ɗaga tulu da hannun. Don haka ki sa ido a kan kazar. In ta taka kafin tsakiyar Sha'aban, ki aiko mini, in tafi da hankali kwance. In ba ta taka ba, zan mayar wa madugu raƙumansa in zo.

Ki rubuta abin da idonki ya gani kawai. Na san ki da ƙara gishiri. Zancen igwa da hancin jaririn Fanta ki ajiye mini sai na dawo, takarda tsada gare ta.

Ki gai da mai jiki. Wassalam.

*

Daga Wasila zuwa ga Yaya Alkasum.

Sallama da gaisuwa, Yaya. Albishirinka, kuma goron albishir ɗina daga Gat nake son sa. Kaza ta taka.

Shekaranjiya da hantsi Nomau ya zo ya kwance mata zare, ya ajiye ta tsakar gida. Ta tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na watsa tsaba. Ta sauke ƙafar, ta ɗingisa, ta sake ɗingisawa, sai ga ta a guje ta kori farar kazar nan daga kan tsabar. Na rangaɗa guɗa har Fanta ta leƙo ta katanga da jariri a hannu. Ai ni na yi jinyarta, kullum sai na je bayan ganuwa na haƙo mata gara, ga dusa da madara. Ado har cewa ya yi kazar ta fi shi gata a wurina.

Sai zancen Inna. Ranar da takardarka ta zo na zauna bakin ƙofarta na karanta wa Gwaggo Hajjo da ƙarfi, yadda muka saba, don ta ji ba tare da an ce da ita ake ba. Ta yi kamar ba ta ji ba. Amma tun ranar kullum sai ta tambaye ni kazar, ta ci, ta sha, tana motsa yatsun? Da ta ji guɗata sai ta ce a ɗaga ta. Nomau ya ce ko a bari ya sake duba cinyar tukuna. Ta ce ba shi ya ce ranar da kaza ta taka mai ita za ta taka ba? Ya matsa gefe ya ba mu wuri.

Ni da Gwaggo muka kama ta muka miƙar. Ta dafa bakin ƙofa ta ce mu sake ta. Muka sake. Ta tsaya, Yaya. Har ta ɗaga ƙafar ta ajiye gaba. Gumi ya jiƙa mata kallabi cikin sanyin nan, leɓenta ya yi toka, amma ta tsaya.

Ta dube ni ta ce, "Kin gani?"

Na ce na gani.

Ta ce, "To je ki rubuta abin da kika gani."

Ga shi na rubuta, ba gishiri ko ɗaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne, na doguwar kwanciya. Ta rame. Bayanta na ciwo, ba ta iya kwanciya rigingine. Tuwo ba ya shiga sai kunu, amma ruwa tana shan sa kamar raƙumin da ya fito daga Bilma, ban gama cika moɗa ba ta ce a ƙaro. In zan yi mata wanka ba ta bari in sauke zanen daga ƙirji, ta ce nan ita za ta yi. Akwai kuma wani wari a ɗakin. Na ce na kaza ne, na fitar da kwandon, na share, na zuba sabon yashi, na yi turare, bai tafi ba. Gwaggo Hajjo ta daina zolayata, in na yi magana sai ta kalli ƙasa. Amma ka san ta, ko atishawa aka yi sai ta soma zancen likkafani.

Ka tafi, Yaya, Allah ya tsare hanya. Ka sayo mini murjani, ja sosai, ba irin na Fanta mai kama da jan barkonon da ya sha rana ba.

Taka, Wasila.

*

Daga Alkasum zuwa ga Wasila.

Bayan sallama, alhamdu lillahi. Kin sauke mini dutse daga ƙirji. Gobe za a buga gangar tashi.

A Agadas zan sauka gidan Malam Suma'ila fatoma, mai saukar da fatake, kusa da hasumiyar masallaci. Can za mu yi Azumi, sai bayan Ƙaramar Sallah ayarin Gat zai tashi. In da takarda ki aika can.

Ina so in sa badukun Agadas su ɗinka mata takalmi, jar fata mai laushi, saboda ƙafar da ta warke. Ki auno mini tsawon sawunta da zare ki aiko. Kar ki ce mata ni na sa.

Murjaninki na ji. Wassalam.

*

Daga Wasila zuwa ga Yaya Alkasum, gidan Malam Suma'ila a Agadas.

Sallama, Yaya. Allah ya sa kun sauka lafiya. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Tun ranar da Inna ta tsaya a bakin ƙofar nan ba ta sake tsayawa ba. Na yi ta cewa gobe, gobe. Ita kuwa wake-wake har kan katanga take hawa.

Bayan tashinku da 'yan kwanaki Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki butar alwala. Butar ma ba a cike take ba. Na sake jin ƙarar nan, ƙas. Hannun dama ne, sama da gwiwar hannu. Wannan karon ta yi ƙara.

Nomau ya zo, ya karya wa farar kazar fiffike, ya ɗaure. Amma da zai ɗaure hannun Inna dole aka sauke zanen. Ya juya fuska, ni na riƙe ta, ni na gani. Yaya, ban san yadda ake rubuta wa ɗan'uwa namiji wannan ba, ka yafe mini. Nononta na hagu ba nono ba ne yanzu. Ya taurare kamar dutse, ya yi baƙi, tsakiyarsa ya buɗe yana ruwa, ta cusa auduga ta rufe da tsumma. Warin da na ɗora wa kaza ke nan. Ni ina ta share ɗaki ina turare.

Na fito na tsare Gwaggo Hajjo a bayan rumbu na ce sai ta gaya mini. Ashe ta sani. Damina biyu da suka wuce Inna ta nuna mata wani ƙululu kamar ƙwallon dabino. Suka je a ɓoye wanzami ya yi mata sakiya, ya rufe, ya dawo ya fi da. Inna ta haɗa ta da Allah kar ta gaya wa kowa, wai ba ciwon da ake nuna wa 'ya'ya ba ne. Na ce to mene ne, me ya haɗa nono da cinya? Gwaggo ta rage murya, kamar abin zai ji an kira shi, ta ce, "Daji ne, 'yar nan. Ya gama da nama ya shiga ƙashi." Ta ce ta taɓa gani a jikin yayarta a Guna. Ita waccan, juyi kawai ta yi a kan gado bayanta ya karye.

Ban yarda ba. Na ce Gwaggo ce da bakinta. Sai ran Juma'a Inna ta yi tari, tarin kunu da ya sarƙe ta, ta dafe haƙarƙari, numfashi ya gagara. Ado ya koma Gaffati. Kafin su iso na riga na kama kaza ta uku na riƙe. Nomau ya shigo ba jakarsa, ba karare. Ya dube ni ya ce, "Saki kazar nan, 'yata. Ba ta yi mana laifin komai ba."

Ya zauna a zaure ya yi mana bayani ni da Ado. Ya ce ɗori ƙashin da aka karya daga waje yake haɗawa. Na kaza lafiyayye ne, shi ya karya shi da hannunsa, dole ya haɗe. Na Inna kuwa kamar azarar da gara ta cinye ta ciki ne, waje sumul, in ka danna yatsa ya nutse. Cinyar ba ta taɓa haɗewa ba. Ya ce tun ranar farko yatsunsa suka gaya masa, ya ce tsufa ne ke yi masa ƙarya, don tun kakansa ba a taɓa ganin kaza ta tashi mai ita ta kwanta ba. Na ce to da me ta tsaya ranar nan? Ya ce, "Da ƙafa ɗaya da bakin ƙofa."

Yanzu muna da kaji biyu a tsakar gida, ɗaya na ɗan ɗingishi, ɗaya da fiffike a ɗaure, dukansu sai ƙiba suke. In sun wuce ƙofar Inna sai in ji kamar in rufe ido.

Ni na ce maka ka tafi, har da guɗa. Yanzu ni nake ce maka ka zo. Ka zo, Yaya, ba na jin za ta ga damina.

Ga zaren sawun da ka ce, na auna tana gyangyaɗi. Ban san amfanin da zai yi ba, amma ka ce in aiko.

Wasila.

*

Daga Alkasum a Agadas, zuwa ga Wasila.

Bayan sallama, takardarki ta zo muna tsakiyar Azumi. Na karanta ta har ta soma yagewa a naɗi.

Na je wurin madugu. Bai hana ni ba. Ya ce in na juya, in nemi wanda zai karɓi raƙuman da kayan mutane, babu kuwa, kowa da nasa. Ya ce kuma in sani wanda ya ajiye amana a tsakiyar hanya, daga nan har Kano an san sunansa. Wannan duk zan iya ɗauka. Ba shi ya tsayar da ni ba.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ke auta ce, a bayanta kika girma, kina mata tsiwa tana dariya. Ni ana yaye ni aka kai ni Gaffati wurin Kaka. Ba ta taɓa duban fuskata ba. In na dawo daga tafiya na durƙusa a ƙofarta, ke take tambaya ko baƙo ya ci abinci. Na san al'ada ce, kowa ya ce ba ƙi ba ne, kunya ce. Ni ma haka nake faɗa wa kaina. Amma ta tsaya a kan karyayyiyar ƙafa don in tafi. Na kasa gane ko don tana son in ci gaba ne, ko don ba ta son in gan ta. In na zubar da komai na zo, ta juya fuska bango ta ce wa ya kira shi, ban san yadda zan ɗauki wannan ba, Wasila.

Don haka ki tambaye ta. In ta ce in zo, da bakinta, zan bar raƙuma a ƙofar madugu in taho ko da ƙafa ne. Kar ki sa mata magana a baki, kar ki ƙara mini ko kalma ɗaya. Kin rubuta mini gaskiya wancan karon, ta kai ni nan. Ki sake rubuta gaskiya.

Jagora ya ce ba za mu wuce ƙarshen watan Sallah ba, in zafi ya shigo rijiyoyin hanya za su ƙafe. Har ranar zan riƙa duban hanyar kudu.

Zaren na kai wa baduku. Wassalam.

*

Daga Wasila zuwa ga Yaya Alkasum.

Sallama, Yaya, barka da Sallah, in ta same ka da sauran barka.

Takardarka ta zo ana jajiberi. Wannan karon ban zauna bakin ƙofa ba, shiga na yi na durƙusa gaban gadonta na karanta mata ita da kanta, duka, har inda ka ce baƙo. Ta rufe ido. Na ce Inna, kalma ɗaya ce, ki ce ya zo. Ta ce ita ba ta kira kowa ba. Na roƙe ta, na yi kuka, ƙarshe na yi mata rashin kunya, na ce wannan kunyar da ita za a binne ki? Gwaggo Hajjo ta ja ni waje da kunne kamar yarinya.

Bari ka ji yadda take. Ba a juya ta sai da zane, mu huɗu, kowa ya kama kusurwa, mu ɗaga a hankali muna sauraro ko za mu ji ƙarar nan. Ƙafafun biyu ba ta jin su yanzu. Wani lokaci sai ta dube ni ta kira ni da sunan Kaka, ta ce in rufe awaki hadari ya taso. Amma da hantsi hankalinta garau yake, kar ka ce ruɗewa ce abin da zan gaya maka.

Ranar Sallah gidan ya cika da mata, an zo gaishe ta. Nomau dama ya ce kajin nan babu sauran abin da ya ɗaure su, a yi yadda aka ga dama da su. Ado ya wasa wuƙa ya yanka farar. Ya kama wake-wake, ta fasa ihun nan nata. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, ita da sai ka kai kunne bakinta kake jin ta, amma ranar har zaure aka ji.

Ta ce, "Ado, saki wannan. Ta Alkasum ce. In ya zo a yi masa romo da ita."

Ludayi ya faɗi daga hannun Fanta, ba ta ɗauka ba. Ado ya saki kazar ya tsaya da wuƙa a hannu. Gwaggo Hajjo ta zauna a ƙasa inda take, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsofaffin suka soma tashi ɗaya bayan ɗaya suna salati a hankali, ba wadda ta tsaya cin tuwon. Daga baya Gwaggo ta ce mini sau biyu ta taɓa jin uwa ta kira sunan ɗan farinta a gaban mutane, kuma duka matan biyu ba su ga sabon wata ba.

Na shiga na ce, Inna, in rubuta?

Ta ce, "Rubuta abin da kika ji."

To ga shi. Ba ta ce ka zo ba, ba zan ƙara maka ba. Sunanka ta faɗa, sarai, kamar kullum tana faɗarsa a wani wuri da ba ma ji. Kuma cewa ta yi in ya zo.

Na samu wani Buzu mai raƙumin gudu a Zango, na ba shi munduwata, ya ce ba zai tsaya a Damargu ba. Kazar tana ƙarƙashin gadon Inna yanzu, ba kwando, ita ta koma da kanta. Da hantsi Inna na sauke mata hannun hagu da 'yar tsaba, shi kaɗai ya rage mata mai motsi. Ina ba ta kunu, ita tana ba kaza.

Ka yi sauri, Yaya.

Wasila.

*

Daga Malam Suma'ila fatoma a Agadas, zuwa ga Wasila ƙanwar baƙona Alkasum, a Birnin Damagaram.

Aminci ya tabbata a gare ku da mutanen gidanku. Bayan haka, takardarki ta iso bayan ayari ya tashi. Ban buɗe ta ba, tunda ba tawa ba ce.

Ɗan'uwanki bai fita ranar da aka buga ganga ba. Ya tura raƙumansa gaba ya tsaya, kullum yana kan sorona yana duban hanyar kudu, ban san abin da yake jira ba, shi kuma bai faɗa ba. Sai da madugu ya aiko da magana mai zafi sannan ya hau ya bi su.

Mai kawo takardar ya ce ta gaggawa ce, don haka na ba wani mutumin Abzin da zai bi bayansu. In ya cim musu kafin su bar duwatsu su shiga rairayi, za ta same shi. In sun shiga, sai Gat.

Ya bar mini takalmin nan ya ce in aika da wanda duk ya fara yin kudu. Ya ce na mahaifiyarku ne, karaya ta yi. Na duba ɗinkin, aiki ne mai kyau. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ta taka su har su tsufa.

Wassalam.